Relen da Ba Ya Son Doguwar Gaisuwa

Duk Lamorde an san Issoufou mai gyaran rediyo da doguwar gaisuwa. In ya kama hannunka da hantsi, sai ya tambayi lafiyar gidanku har akuyar maƙwabta, ba zai sake ka ba sai ladan ya kira azahar. Amma a aiki, ko rediyon da ya kwana cikin kogi aka kawo masa, sai ya yi magana.

Gwaggonsa Hajara tana da lambun salati a Tondibia, da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Rele, ɗan makunnin da ke tada injin, shi ya zame mata ƙaya: muddin yana kunne yana tsotsar batir, kafin la'asar komai ya mutu. Salati ya fara langaɓewa.

Issoufou ya bugi ƙirji ya ce a bar masa. Ya sayo rele uku irin masu riƙewa, waɗanda in ka taɓa su da wuta sau ɗaya sai su kulle su zauna ba su cin komai, in ka juya musu wutar su saki. To amma hali zanen dutse. Ya sakar wa na farko wuta, ya bar ta tana ta gudu yadda yake riƙe hannun mutane. Zaren tagullar ciki ya gasu, ƙaurinsa har ma'aikatan can unguwar Plateau sai da suka toshe hanci. Na biyu ma haka. Saura ɗaya tal, ga salati ya sunkuyar da kai.

Zalika, ƴar Gwaggo, taubashiyarsa, ta leƙo ta ce, "Ubangidana, wannan fa ba surukinka ba ne. Ce masa sannu ka wuce."

Ya ce baiwa ba ta koya wa mai gida aiki. Amma ya ji. Ya ɗauko kondansater, ɗan tulun da ke tara wuta ya amayar da ita cikin ƙiftawar ido, ya saka a hanyar relen. Ƙas, inji ya tashi. Ya juya wutar, ƙas, ya tsaya. Batir ya kai magariba da ƙarfinsa, salati ya miƙe.

Gwaggo ta zo sa masa albarka, ya durƙusa ya shiga gaishe ta, inji kuwa yana ta kwarara ruwa. Sai da Zalika ta kashe injin, kada lambu ya koma fadamar shinkafa.