Wanda Ya Aiki Sanusi Cikin Ruwa

Da damina a Bungudu, da zarar ruwa ya ɗauke, ƙoramar bayan gidanmu ce filin wasanmu. Mukan sassaƙa jirage da karan dawa, mu haɗa su da ƙaya, mu kafa ganyen mangwaro a tsakiya, mu sake su daga kan wani faffaɗan dutse su yi tsere zuwa gindin ɓaure. Daga ɓauren nan ƙoramar take yin zurfi ta gangara gulbi.

Ina da shekara goma ranar da jirgina ya wuce ɓaure. Ban taɓa yin mai kyaunsa ba. Ƙanena Sanusi, ɗan shekara shida, yana gefena, sai na raɗa masa, "Yi maza ka ɗauko mini." Ya shiga. Taku uku, ruwa ya kai masa wuya. Wata mata mai wanki ce ta fizgo shi ta riga. Baba ya yi masa faɗa har yaron ya kasa cin tuwo, kuma ya hana tseren jirgi gaba ɗaya. Sanusi bai ambaci sunana ba. Ni ma na yi shiru.

Kakarmu, wadda muke kira Inna, ta saba tara mu bayan magariba a ɗakin girki, tana gasa masara a bakin murhu tana yi mana tatsuniya. Kwana biyu da faruwar abin ta sa aka kira har yaran maƙwabta, ta raba mu gida biyu: mu 'yan gida, da ɓangaren Ladi, 'yar malamin asibitin da ke haya kusa da mu.

"Na roƙi ubanku," in ji ta. "Ya ce in kun san dokar wasanku, ku koma. Tambaya za ni yi. Wanda ya amsa, ƙwayar masara guda. Amma in tambaya ta gagari ɓangare biyu, ba mai sake taka bakin ƙoramar nan."

Muka gyara zama. Ta fara. Yaushe ake sakin jirgi? Sai an ƙirga uku, a saki tare. Ana tura shi da kara? Ba a turawa, ba a hura masa iska. In ya maƙale a ciyawa fa? A bar shi, ruwa ne ya riƙe shi, ruwa zai sake shi. In ya wuce ɓaure? Duka muka haɗa baki, "Ya zama na gulbi!" Sanusi kuwa yana ta juya masararsa bai ci ba.

Sai Inna ta gyara itacen wuta ta ce tambayar ƙarshe tana cikin labari, mu kasa kunne. Wai biri ne hularsa ta faɗa gulbi. Yana tsoron ruwa, sai ya ce wa ɗan akuya, "Kai ba ka da nauyi, shiga ka ɗauko mini." Ɗan akuya ya shiga, ruwa ya ja shi, da ƙyar kunkuru ya turo shi gaɓa. Dabbobi suka taru suna zaginsa, biri kuwa yana bisa reshe yana kallo.

"To, wa ya karya doka?"

Ladi ta yi wuf, "Ɗan akuya, shi ya shiga ruwa."

Inna ta ce, "Ba haka ba ne. 'Yan gida, ta dawo gare ku. Hajo, ke ce babba."

Duk idanu suka dawo kaina. Ina jin zafin wutar a fuskata. Na ce, "Biri ne."

"Mi ya sa? Ai ƙafarshi ba ta taɓa ruwa ba."

Na buɗe baki in ba da amsa, kuka ya riga ni. Cikin kukan na ce ni ce, ni na aiki Sanusi. Inna ba ta daka mini tsawa ba. Ta ajiye ƙwayar masara a gabana ta ce, "Kin amsa. Yanzu tashi ki tahi ki hwaɗa wa ubanki da bakinki."

Tazarar ɗakin girki da turakar Baba ba ta kai taku ashirin ba, amma sau biyu ina tsayawa. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kira Sanusi, ya dafa kan yaron. Yara sun koma tsere a makon, da sabuwar doka: wanda ya aiki wani cikin ruwa ya fita wasa. Ni damina ta wuce ina kallo daga kan dutse.

Yau ina shugabantar malamai a wata makaranta a Gusau, kuma duk lokacin da aka kawo mini ƙaramin da ya yi kuskure, nakan fara da neman wanda ya sa shi. Na daɗe ina zaton iyakar darasin ke nan. Sai bara, muna hira da Sanusi, na tambaye shi me ya hana shi tona ni a wancan lokacin.

Ya yi dariya ya ce, "Yaya Hajo, ai ni kunyarki nake ji. Kin aike ni ban kawo miki jirginki ba."