Hancin Kawu Ɗanlami

Ku da kuka zauna a unguwar Suwaidi ta Riyad kun san Kawu Ɗanlami, kawun maigidana. Baƙo ya sauka daga gida, kafin a gaisa sai ya ce, "Buɗe jakar in shaƙa!" Ya cusa kai ciki, ya lumshe ido. Ba ya ɗaukar komai fa, ƙamshin kawai yake so.

Da na zo Riyad ya shaƙi tawa, ya ɗago. "Daddawa ce da tsohuwar atamfa. An yi dacen mata."

Kunya kamar in nitse!

Shekara da shekaru yana gadin sito, bai taɓa sayen gado ba. Maigidana ya kai masa katifa, ya ce, "Mayar! Ni da zan tafi bayan Sallah?" Wace Sallar? Oho.

Ran da aka yi ruwa muka gan shi tsakiyar titi, hanci a sama. Ya dawo a jiƙe yana tsaki. "Ƙasar nan ko ƙamshin ruwan fari ba ta iya ba."

Da ya tafi gidan kuwa, har walima muka yi masa. Ba a jima ba sai ga shi da jakarsa.

"Kawu, lafiya?"

"Garin ba ya nan, 'yar nan. Sun sare tsamiyar ƙofar gidanmu sun kafa shagon cajin waya. Wani yaro har yana tambayata wa nake nema!"

Muka yi ta dariya. Shi bai yi ba.

Ni damuwata Hanan ce, 'yata. Nan aka haife ta, bakinta duk Larabci, uwata ta kira waya su kasa fahimtar juna. Sai Kawu ya ƙirƙiro kurumta. In ta ce "moya", ya ce, "Amarya, kunnen nan ba shi da iƙama ta zaman ƙasar nan, Hausa kaɗai yake ji." Sai ta ce "ruwa" yake miƙa mata kofi, har da tafi.

Bayan rasuwarsa jakar saƙon uwata ta iso daga gida. Hanan, da ba ta taɓa taka gida ba, ta cusa kai cikin jakar, ta ɗago ta ce, "Umma, kira Inna in gaya mata na ji ƙamshinta."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya saka masa da alheri. Ya sauke shi gidan da ba zai sake tambayar hanya ba. Amin.