Hajiya Shafa'atu Lawal, Nas Mai Bin Gidaje a Tottenham

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Shafa'atu a garin Malumfashi a shekarar 1941. Mahaifinta Malam Lawal malamin asibiti ne, mahaifiyarta kuwa Karimatu ungozoma ce. Bayan karatun allo da na firamare, ta sami horon aikin jinya a Kano daga 1959 zuwa 1963, sannan a 1968 gwamnati ta tura ta Landan domin ƙarin ilimi.

Aure da Zuri'a

A 1970 ta auri Malam Uwaisu Maharazu, mutumin Funtuwa, wanda yake aiki a ofishin jakadancin Nijeriya kusa da Charing Cross a tsakiyar Landan. Suka zauna a unguwar Tottenham da ke arewacin Landan, inda Allah Ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Aiki

A 1972 ta kama aikin nas mai bin gidaje, tana duba masu juna biyu da jarirai da tsofaffi. Ɗabi'arta ce ba ta buɗe jakar aikinta sai ta zauna ta tambayi mara lafiya abin da ya ci, da yadda yake barci, da wanda yake zuwa gaishe shi.

Da arzikin mai ya bunƙasa, ɗaliban Nijeriya suka yi ta kwararowa Landan da iyalansu, aikinta ya ƙaru ainun. A 1975 aka tura ta gidan Scholastica Bot, matar wani ɗalibi daga Jos, wadda ta daina magana da cin abinci bayan haihuwa, har ƙaramar hukumar yankin ta fara shirin karɓe 'ya'yanta biyu. Hajiya ta tarar da ita a wani gida mai ɗaki ɗaya, ba abin ɗumama ɗaki, kuma matar ta yi wata huɗu ba ta yi hira da kowa ba in ban da mijinta. Da ta gaishe ta da Hausa, sai matar ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, don Allah kada su tafi da su."

Hajiya ta tsaya gaban jami'an hukumar ta nemi mako shida, ta ce, "Wannan uwa ba ta gaza ba. Ƙarancin jini ne da sanyi da kaɗaici, kuma duk suna da magani." Ta kai ta ga likita, ta sa aka gyara ɗakin, ta kuma tsara wa matan unguwa, Musulmi da Kirista, ranakun kai mata tuwo da zaman hira. Kafin wa'adin ya cika Scholastica ta murmure, aka bar mata 'ya'yanta.

A 1977 aka yi wa Hajiya tayin babban muƙami a gida Nijeriya, amma ta zaɓi ci gaba da hidimar iyalan da suka saba da ita.

Ritaya da Rasuwa

Ta yi ritaya a 2001, ta koma unguwar Barking da ke gabashin Landan, inda ta ci gaba da koyar da sababbin nas-nas kyauta. Allah Ya yi mata rasuwa ranar Laraba, 12 ga Maris, 2014, tana da shekara saba'in da uku. An yi jana'izarta washegari, aka binne ta a gabashin Landan bisa wasiyyarta cewa kada a ɗauke ta daga cikin mutanen da ta yi wa aiki.

Ta bar 'ya'ya uku: Dokta Abdulƙadir, da Khadijatu, da Talatu, tare da jikoki tara. Allah Ya jiƙanta da rahama.