Daɓe a Kan Daɓe

Bazara ɗaya na yi ina tono a wani tsohon kufai a bakin kogi, can ƙasashen Bahar Rum, lokacin ina ɗalibin binciken kayan tarihi. Daga nesa tudu ne, amma in ka yanka shi sai ka ga gidaje ne a kan gidaje. Kogi ya cika ya shafe ɗakuna da laka, mutanen su dawo su yi sabon daɓe a kai, haka nan tun kafin a san rubutu. Malamarmu ta ce ƙaunar wurin ce ta riƙe su. Na yarda, don a lokacin fasfona na aiki.

Sai aka kira ni Jidda, Umma ba lafiya. Tun da ta zo aikin hajji ba ta koma gida ba, iƙama kuwa, takardar izinin zama, ba ta taɓa riƙe ta ba. Na shigo da bizar umra, bizar ta ƙare ina shafa mata man zafi a gwiwa. In na fita yanzu, ba za a bar ni in dawo ba.

Ɗakinta a unguwar Kurayyat sai an sunkuya ake shiga. Goshina ya sha ƙofar nan kafin in gane dalili: duk ambaliya, siminti suke zubawa a kan lakar, ƙasa tana tashi, ƙofa tana gajarta.

Satin da malamar ta aiko cewa gurbina na jirana har ƙarshen wata, a satin aka yi ruwa.

"Umma, bari in kankare lakar nan mu kai tsohon daɓe."

"Halas, ya isa haka, kai da tone-tone kamar kaza. Nan ba a kankarewa, ɗorawa ake yi. Yalla, maza kwaɓa siminti."

"In na tafi fa?"

"Ka tafi mana. Wa ya ɗaure ka?" Gwiwoyinta take kallo da ta faɗa.

Haushi ya kama ni, har da ita, Allah ya yafe mini. Na kwaɓa. A cikin lakar akwai fasasshen kofin shayi da murfin man zafi. Da can da na tsince su na wanke da buroshi, amma na zuba siminti a kansu na lallaɓe.

Watan ya ƙare ban ba malamar amsa ba. Da daɓen ya bushe na ɗauko Umma na shigar da ita, na sunkuya fiye da bara.