Yadda Gyaɗar Kawu Ta Canza Suna

Kawuna, yayan mahaifiyata, ba ya shuka sai da igiya. Zai kafa turke nan, ya kafa can, ya ja igiya ta miƙe sak, sannan ya bi ta yana saka gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, da tazarar da za ka ajiye ƙafa ka juya. Shi ya sa ake ce masa Igiya. Ba ya kuma gaggawa, sai kowa ya gama shuka yake fitowa. Irin da ya gada wurin mahaifinsa, wata 'yar ja mai cika kwanso, ita ma ta ci sunansa. Duk inda ake neman iri za ka ji ana cewa, "A ba ni 'yar Igiya." Kawu ba mota, ba bene, 'ya'ya duk sun tafi aikin ofis. Sunan nan ne abin da ya mallaka, kuma yana ji da shi.

Sai ga Direba, ƙanin matarsa Inna. Ya daɗe yana jan bas, baya ya fara ciwo, ya sayi gonar da ke jikin ta Kawu. Ruwan farko na sauka ya fita ya cusa gyaɗa a cunkushe.

"Kai Direba, gona ce fa, ba tasha ba," in ji Kawu.

"Yaya, ni ban saba tashi da kujera ba kowa ba."

A daminar nan darɓa ta zo, ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da ke liƙewa ƙarƙashin ganye suna tsotsa, suna barin danƙo tururuwa na bi. Bayanta sai cutar da manoma ke kira kuturta. Ganye ya yi rawaya ya murɗe, gindi ya dunƙule ya tsuguna, ka tuge shi ba ko kwanso ɗaya. Gonar Kawu ta kwanta, sai ɗan gefe da ya tsira da buhu guda. Ta Direba kuwa kore shar.

Kawu ya canza hanyar zuwa gona don kada ya gan ta. Amma ina! Can ma sai ya tsinci kansa yana ɗaga wuya. In Direba ya gaishe shi, sai ya ji kamar dariya ce a ciki. Inna ta ce ko shayi aka ba shi sai ya ce ba sukari. Abin da ya ƙarasa shi, ranar da ya ji wani tsohon mai sayen irinsa a shagon taki yana tambayar Direba, "Malam, wai wace iri ka shuka ne?"

Sunan cutar ne ya ruɗe Kawu. Tun yana yaro ya ji tsofaffi na cewa kuturta gado ce, abin da ko a jikin mutum ba haka yake ba. Sai ya yanke cewa ta shiga jinin irinsa, shi ke nan, uwa za ta ba 'ya.

To, Direba ba shi da wurin ajiya, a ɗakin bayan gidan Kawu yake jingine buhun irinsa, kusa da tsohon keke da garwar feshi. Wata rana Inna ta tafi dubiya asibiti, Kawu ya shiga ya turo ƙofa. Ya kwance buhunan nan biyu, ya juye wannan a wancan, wancan a wannan, ya ɗinke baki. Direba dai a kasuwa ya tsinto tasa gyaɗar, bai san ja daga fara ba.

Inna kam ta sani. Tana ɓarewa ta tsaya.

"Malam, wannan ba tamu ba ce."

"Gyaɗa dai gyaɗa ce."

"Yau kuma?" Ta dube shi, ta ci gaba da ɓara. Daga bakinta mahaifiyata ta ji, ni kuma na ji daga gare ta.

Damina ta dawo, kowa ya yi irin nomansa. Darɓa ta dawo. Gonar Kawu, da irin Direba a cikinta, ta sake kuturcewa. Gonar Direba, da irin da aka ba shi don ya kwanta, ta yi 'ya'yan da har shi Direban ya riƙe baki.

Malamin gona ya zo zagaye, ya tsuguna a gonar Kawu ya juya ganye.

"Iri ne ko, ɗana?" Kawu ya tambaya.

"A'a, Baba, wannan ba ta bin iri. A bakin darɓa take. Ta tsotsi mai ciwo, ta tashi ta soki mai lafiya, shi ke nan ta zuba mata. Kuma ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin shuka. Ga taka da tazara, ga ta ƙarama lokacin da suke yawa. Ta maƙwabcinka kafin su zo ta girma ta rufe ƙasa."

"Wato irin da na shuka bara lafiyarsa ƙalau?"

"Garau. In kana da saura, ka riƙe."

Ba saura. Duk yana gonar Direba, kuma layi ya koma ƙofar Direba. Mutane na murza ƙwaya a tafin hannu suna cewa, "Kai, 'yar Direba ta fi 'yar Igiya cika!" Kawu na ji daga kan bencinsa. Kalma ɗaya za ta dawo masa da sunan, amma sai ya faɗi abin da ya yi wa ƙanin matarsa a ɗakin baya.

Da hadari ya fara haɗuwa, dole ta sa ya ɗauki kwano ya nufi gidan Direba. Ga mutane zaune a ƙofa.

"A'a, Yaya da kansa!" in ji Direba. "A ba shi kujerar gaba. Wacce za a auno?"

"Waccan jar."

"Tana da suna ai."

Kawu ya dubi buhun. Direba ya cika kwano har yana zuba, ya ce, "Ka bi ta a hankali fa, Yaya, ba kowane hannu take so ba."

"Na san ta."

"A ina?"

Kawu ya buɗe baki, ya dubi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya.

"A gonarka," ya ce. "'Yar Direba."

Ya shuka ta da wuri, ya matse tazara, ta kuma yi masa kyau shekara da shekaru. Amma har ƙarfinsa ya ƙare, in mai saye ya yi sallama ya ambaci sunan, Kawu ba ya fita. Sai ya juya fuska bango ya ce, "Inna, je ki auna masa."