Gayyar da Ta Kori Kakana Zuwa Haƙar Zinariya

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, saboda haka maƙwabciyata Anti Balki ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata in na fara kuka ta ajiye biro ta jira ni. Wata bakwai ke nan da rasuwar mijina Alhaji a nan Greensboro, garin da muke zaune a ƙasar Turawa, kuma har yau kofi biyu nake saukowa da su in zan haɗa shayi.

Abin da ya taso da zancen ɗana ne, Nasiru. Makon jiya ya durƙusa gabana ya ce zai bar aikin sito da yake yi a nan titin Wendover, ya tafi can arewa, Dakota, inda aka ce man fetur ya fito, kuɗi kamar a sa tsintsiya a share. Zai bar matarsa Zainab da yara biyu da ni. Ya ce ba zai taka ba sai na sa masa albarka, abokan tafiyarsa kuma ranar Lahadi za su tashi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Sai kawai na ji ƙamshin hayaƙin kara a hancina, a gidan da ko ashana ka ƙyasta wani abu mai jin hayaƙi a saman ɗaki sai ya kama ihu.

Ƙamshin ɗakin kakata ne, Kaka Delu, a ƙauyenmu na ƙasar Katsina. Lokacin sanyi, da an ci tuwo, mu jikoki sai mu kewaye wutarta, kowa da gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Mijinta, kakanmu Malam Tanko, yana kishingiɗe a bakin ƙofa da carbi, yana yi kamar ba ya jinmu. Mafi yawan tatsuniyoyinta na namun daji ne, amma akwai guda da muke roƙo kullum.

"To ku matso," in ji ta. "Ta yau ba ta dabbobi ba ce, ta kakanku ce. Ko da yake bambancin ba shi da yawa."

"Delu, ki ji tsoron Allah," in ji shi daga bakin ƙofa.

Wai a daminar farko ta aurensu, Kaka Tanko ya ƙudura zai yi wa surukinsa gayyar da ba a taɓa gani ba. Shi ɗan wani ƙauye ne, bai san gonakin garin ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya tambayi suruki ina gonarsa take ba. Amma ya taɓa hango tsohon tsaye a tsakiyar wata gona yana nuna nan yana nuna can, sai ya riƙe wurin a ransa. Abin da bai sani ba, rigimar iyaka ce ta kai tsohon wurin. Gonar ta Ɗanbaba ce, mutumin da ko gaisawa ba su yi.

Da sassafe ya iso da samari cike da hanya, da makaɗa biyu. Aka zuba fartanya. Mata suka kai fura gonar suruki, suka tarar ba kowa sai ciyawa, ga ganga tana tashi a maƙwabta. Surukin ya zo ya tsaya a kan iyaka, ciyawa har gwiwa, ya buɗe baki ya rufe, don shi ma kunya ba za ta bar shi ya ƙwala wa mijin 'yarsa kira cikin mutane ba. Kaka Tanko kuwa da ya hango shi, sai ya ɗauka yabawa ya zo yi, ya ce wa makaɗa su ƙara wuta.

"Shi kuma Ɗanbaba fa?" mukan tambaya, ko da mun san amsa.

"Yana gindin ɗorawa ya miƙe ƙafa. Bai ce uffan ba sai da aka kai ƙarshen gona, sannan ya taso ya ce, 'Allah ya yi albarka, samari. Akwai wata a fadama in da sauran ƙarfi.'"

Kafin kwana uku 'yan mata sun sa shi a waƙa. In ya shiga kasuwa sai a ce, "Tanko, tawa gonar tana yamma da rijiya." Ana cikin haka labari ya zo wai zinariya ta bayyana a wajen Birnin Gwari, Turawa suna ɗaukar mutane, ana wanke ta a rafi da ƙwarya. Wata safiya Kaka ta tashi, ba miji, ba kuma babbar ƙwaryar jerenta.

Kaka takan lissafa mana waɗanda suka tafi tare da shi. Akwai wanzamin da hannunsa ya goce ya kwashe rabin gemun dagaci. Akwai wanda ragonsa ya tunkuyi liman a filin idi. Akwai wani kuma da ba abin da ya yi, ƙanensa ne kawai ya riga shi sayen jaki.

"Duk wanda ka tambaya sai ya ce zinariya ce ta kira shi," in ji ta. "Ƙarya suke yi. Ba wanda ya taɓa ganinta, ina ta san sunansu? Ku dai in mutum ya ce zai tafi, kada ku dubi gabansa, ku leƙa bayansa."

Damina uku ya yi. Ya dawo da tari, da ƙwaryar an ɗinke ta wuri biyu, da wani ƙulli a cikin hula. Gari ya taru a tsakar gida. Ya kwance tsumma, ga wani tsumma a ciki, ya kwance, ga wani, har mutane suka fara zama. A can ƙarshe sai ga zinariya, kamar ƙwayar riɗi. Ya ɗora ta a kan faifai don kowa ya gani, sai wata kaza ta ratso tsakanin ƙafafun mutane ta tsince ta.

"Kazar wa?" mu duka da ƙarfi.

"Ta Ɗanbaba mana! Ya nome masa gona, ya je har Birnin Gwari ya samo wa kazarsa tsaba. Kwana uku kakanku yana bin ta da tsinke, duk inda ta tsuguna yana wurin."

"Kwana biyu ne," in ji Kaka Tanko.

A nan mukan faɗi ƙasa da dariya, gyaɗa ta ƙone. Wata rana na tambaye ta me ya sa ba ta aika a dawo da shi ba. Ta ce, "In dawo da shi ya zauna ina? Mutumin da garinsa ya yi masa ƙunci, ko ka ɗaure shi a turke ba ya nan."

Anti Balki, dakata kaɗan.

To, rubuta. Alhaji ya haura hamsin da ya sayar da shagonsa a Funtua ya taho ƙasar nan, daga baya ya ɗauko mu. Ya ce dala ce ta kira shi, ni kuma na karɓa a haka. Ni da na fi kowa haddace labarin Kaka, ban taɓa zaunar da mijina na ce, "Alhaji, me ya koro ka?" ba. Yanzu yana kwance a ƙasar da ba ta san sunan ubansa ba, tambayar kuma tana hannuna.

Shi ya sa ranar Alhamis, da Nasiru ya taso daga aiki, na ce ya zauna. Ya fara kawo min lissafin obataim, kuɗin ƙarin awannin aiki, na ce, "Kai, ajiye wannan. Ba abin da ke Dakota nake tambaya ba. Me ke Wendover?"

 A sito ɗaya suke aiki da ubansa, a nan kuma Alhaji ya yanke jiki ya faɗi.

"Mama, ranar ya kira ni sau biyu. Ina fakin lot, wurin ajiye motoci, ina cin abinci, na ga kiran, na ce zai ce in ɗauko masa wani kwali ne, bari in gama." Ya share fuska da hular aiki. "Kullum sai na bi ta daidai wurin da keken ɗaukar kaya. Sau goma a rana. Ba zan iya ba, Mama."

Wata bakwai muna gida ɗaya, ina ta kukana a fili, ban san yaron nan yana ɗauke da wannan ba. Na gaya masa kwanan ubansa ne ya ƙare, ko a gefensa yake tsaye ba abin da zai ƙara masa. Ya ce ya sani. Na ga ya sani ɗin, na kuma ga sanin bai sauke masa komai ba. Sai na dafa kansa na sa masa albarka, da sharaɗin duk Juma'a in ji muryarsa, kuma in na kira ya ɗauka ko da loma a bakinsa. Ya yi dariya da hawaye, ni ma haka.

Jiya Lahadi suka tashi. Tun da motar ta sha kwana nake tunanin Kaka Delu, yadda take ba da labarin har tana riƙe ciki. Damina uku ta yi ba ta san ko yana raye ba, amma ko sau ɗaya ba ta sa wannan a cikin labarin ba. Sai yanzu na gane abin da ya ba ta ikon dariyar: mutumin yana nan a bakin ƙofa yana musu. Yaran Nasiru sun ce da Turancinsu in ba su labari yau da yamma. Na kaza zan ba su. Na ubansu kuwa na ajiye, sai ranar da yake zaune a bakin ƙofa zai iya cewa ba haka aka yi ba.