Baba Ta-Biyu Ya Ajiye Raket

Shekara ashirin da shida, kullum kafin ɗalibansa su iso ya share filin tanis, ya ɗaure raga, ya ware ƙwallayen da suka saki. Ɗaliban nasa ba yara ba ne. 'Yan fansho ne, da masu hawan jini da likita ya turo, da wani tela da yake yi wa tsiya wai yana riƙe raket kamar almakashi.

A tanis, in bugunka na farko ya faɗa raga, kana da dama ta biyu. Babba kuwa in ya kuskure a gaban mutane, kunya ke mayar da shi gida. Shi ya sa tun mutum bai sunkuyar da kai ba, Baba zai jefo masa wata ƙwallon ya ce akwai ta biyu. Sunan ya bi shi.

Ni mijina ne ya kai ni, wata huɗu bayan rasuwar jaririyata, lokacin da ko kitson yayarta na kasa yi. Bugun farko na zuba a raga. Baba ya ce akwai ta biyu. Bai san wata huɗu ke nan ana ce mini Allah zai ba ni wata ba. Na yar da raket, na durƙusa ina kuka.

Da ya ji dalili bai yi mini wa'azi ba. Cewa ya yi, "Na yi kuskure, 'yata. Wani abin ba shi da na biyu." Shekara biyu bai ƙara faɗa mini kalmar ba, ƙwallon kawai yake sa mini a tafin hannu. A haka na koma cin abinci, yarinyata ta sami uwa.

Baba, kai ne malamin da bai ji kunyar ba ɗaliba haƙuri ba.

Yanzu ganinsa ya yi rauni, likita ya ce ya huta. Ranar sallama ya jefa ƙwallo sama, ya kai mata bugu, ya sami iska. Na je na sa masa wata a hannu. Ya gane hannun. Ya mayar mini da ita, ya ce in riƙe, akwai mai buƙata.

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Masu koyar da manya, ku san wanda za ku yi wa magana da wanda za ku miƙa wa ƙwallo kawai. Mu ɗalibansa kuma, gidansa ba nisa. Mu riƙa leƙa shi.